Yadda Ake Haɗa Littafin Adireshi da Word Domin Buga Ambulan

Duk wanda ya taɓa riƙe sakataren kwamitin ɗaurin aure, ko na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ko na makarantar Islamiyya mai shirin walimar saukar Alƙur'ani, ya san daren nan da ake tara matasa masu kyan rubutu a zaure, a zube musu ambulan ɗari uku da biro, a ce lallai kafin asuba a gama. Talatin na farko sukan fito tsaf kamar an buga, amma kafin a kai ɗari hannu ya yi sanyi, sai a fara tsallake suna, a rubuta wa mutum ɗaya katin gayyata biyu, wani kuma a manta masa da Alhajinsa. Manhajar Microsoft Word tana da hanyar ɗauke wannan wahala, wadda ta sa wa suna Mail Merge. Ana tsara ambulan guda ɗaya, a bar gurabe a wuraren da suna da adireshi za su zauna, ita kuma ta riƙa ɗauko mutane daga jadawali ɗaya bayan ɗaya tana zuba su a guraben har jerin ya ƙare.

Danne-dannen da ake yi a cikin Word ba su cika wuce minti goma ba. Inda aikin yake shi ne littafin adireshin, domin waɗanda suka tsara manhajar sun auna ta ne da sunan Bature, wato suna na farko da sunan iyali sai lambar gida da titi, alhali ambulan ɗin da za a miƙa wa babban mutum a Katsina tana ɗauke da laƙabi da suna da sarauta da muƙami, kuma sau da yawa adireshin nasa kwatance ne, ba lamba ba. Abin da ake bukata shi ne kwamfuta mai cikakkiyar Word da Excel, manhajar tsara jadawali, a cikinta, da firinta. Tun daga Word 2007 zuwa yau maɓallan wannan aiki suna wuri guda, a shafin Mailings da ke jerin sama. Word ta wayar hannu da wadda ake buɗewa ta intanet ba sa yin sa.

Littafin adireshin

A buɗe sabon fayil a Excel. Layin farko na kwance na kanun bayanai ne kaɗai, daga layi na biyu zuwa ƙasa kuma kowane mutum yana da layinsa guda. Mu sakatarori muna da ɗabi'ar fara jadawali da babban take a sama, a haɗe gidaje, wato ƙananan akwatunan jadawalin, biyar ko shida a rubuta jerin sunayen manyan baƙi da manyan haruffa, sannan a bar layi biyu babu komai domin ado. A nan wannan adon ɓarna yake yi, saboda Word duk abin da ta tarar a layin farko shi take ɗauka a matsayin kanu. Kada a haɗe gidaje, kada a bar layi fanko a tsakani, kada kuma a raba jerin da ƙananan take irin su "mutanen Daura" ko "mutanen Funtuwa", tunda akwai hanyar da ta fi wannan, kuma za mu zo kanta.

Kanun da na saba amfani da su su ne Lakabi, Suna, Sarauta, Mukami, Gida, Unguwa, Gari, Jiha, Lambar_yanki, Waya da Mai_kaiwa. Da gangan nake rubuta kanun babu haruffa masu lanƙwasa kuma babu tazara, domin sunaye ne da manhajoji biyu za su riƙa miƙa wa juna, ba abin da baƙo zai karanta ba. A ƙarƙashin Lakabi ake sa Alhaji, Hajiya, Malam, Malama, Dakta, Farfesa, Injiniya, Barista, Mai Shari'a ko Mai Girma. A ƙarƙashin Suna kuwa a rubuta cikakken sunan mutum a gida ɗaya yadda ake kiransa da shi, kada a tsaga shi zuwa na farko da na ƙarshe. Mutumin da sunansa ya ƙunshi nasa da na mahaifinsa da na garinsu, ko matar da take amfani da sunan mahaifinta a ofis alhali a unguwa da sunan gidan mijinta aka san ta, babu tsagawar da za ta yi musu daidai. Sarauta da Mukami kuwa an raba su ne domin mutum yakan riƙe ɗaya babu ɗayan, kuma kowanne yana son layinsa a fuskar ambulan.

Kafin a taɓa Word, a buga jerin a takarda a kai wa wani dattijo da ya san jama'a ya bi shi da ido. Wata shekara da na riƙe sakataren kwamitin wata walima a nan Katsina, na kai wa shugaban kwamitin jerina ina ganin na gama aiki. Ya sa tabarau yana bin sunayen da yatsa, bai kai na ashirin ba ya tsaya.

"Malam sakatare, wannan bawan Allah ai tun bayan Sallah aka naɗa shi. Ka rubuta masa Alhaji kawai?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, daga tsohon littafi na kwafo."

Ya ce, "To, tsohon littafi bai je wajen naɗi ba."

A wannan zama ya gyara mini sarauta uku, ya nuna mini wani da ya bar ofishin da na rubuta masa, sannan ya cire sunan wani da ya rasu, Allah ya jiƙansa, wanda da an bar ni da kwamfuta da an kai wa iyalinsa gayyata da sunansa a buge. Masarautu kuwa, irin takardar da za a kai wa Mai Martaba Sarkin Katsina ko Mai Martaba Sarkin Daura, ban ga dacewar sa su a cikin wannan jeri ba. Irin wannan takarda daban ake tsara ta, kuma wakilai ke kai ta.

Akwai tarko uku a Excel da suka fi kama mu, kuma duk ukun ana kauce musu ne tun kafin a fara shigar da sunaye. Na farko shi ne sifiri. Lambar waya da ta fara da 080 ko 070, Excel takan ɗauke ta a matsayin adadi ta jefar da sifirin farko. Haka kuma idan layukan farko na lambar gida duk alƙaluma ne, Word takan yanke hukunci cewa duk abin da ke ƙarƙashin wannan kai adadi ne, sai ta zo kan gida mai lamba 12B ta buga 0 a madadinsa. Maganin duka biyun shi ne a zaɓi jadawalin gaba ɗaya tun yana fanko, a danna linzami ta dama, a shiga Format Cells, a zaɓi Text.

Na biyu shi ne alamar da ke gaban 'y. Idan aka fara rubutu a gida da wannan alama, Excel takan haɗiye ta, domin a wajenta umarni ce ba harafi ba. Wanda ya rubuta 'Yandakan Katsina zai ga Yandakan Katsina, haka ma 'Yar'aduwa zai rasa alamarsa ta farko. Sai a buga alamar sau biyu a jere, ɗaya ta tafi ɗaya ta zauna, ko kuma a yi amfani da harafin Ƴ idan an saba da shi.

Na uku, kuma wanda ya fi zubar da mutunci, shi ne haruffa masu lanƙwasa. Katsina ba garin da za a iya guje musu ba ne. Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Ƙwaya da Ƙofar Durɓi suna cikin birni, Ƙanƙara da Ɗanmusa da Ɗandume da Ɓaure suna cikin ƙananan hukumomi 34 na jihar, kuma a cikin manyan sarautu akwai Ƙauran Katsina Hakimin Rimi da Durɓin Katsina Hakimin Mani. Hanya mafi sauƙi ita ce a ƙara allon rubutun Hausa a saitin harshe na Windows. Wanda bai samu haka ba yana iya samar da haruffan a Word: a bar tazara, a rubuta 0199 a danna Alt da X tare, ƙ zai fito. Lambar Ƙ ita ce 0198, ta ɗ 0257, ta Ɗ 018A, ta ɓ 0253, ta Ɓ kuma 0181. Wannan dabara ba ta aiki a Excel, don haka sai a samar da haruffan a Word a riƙa kwafowa.

Mutane da yawa littafin adireshinsu yana cikin waya ne, kuma ba sai an sake rubuta shi da hannu ba. Idan lambobin suna ajiye a asusun Google, a shiga Google Contacts ta kwamfuta, a zaɓi waɗanda ake so, a danna Export, a ɗauki nau'in CSV. Kada a buɗe fayil ɗin da ya sauko ta hanyar danna shi sau biyu, domin sau da yawa a nan haruffanmu ke lalacewa, ƙ ya koma Æ™, sunan gari ya zama abin da ba ya karantuwa. A buɗe Excel fanko, a je shafin Data, a danna From Text/CSV, a nuna mata fayil ɗin, a wajen File Origin a zaɓi 65001: Unicode, sannan a hana ta tantance nau'in bayanai da kanta domin sifirin lambobin waya ya tsira. Bayan an loda sai a adana shi a matsayin fayil na Excel. Wanda yake amfani da tsohuwar Outlook da ake girkawa a kwamfuta yana iya haɗa ta da Word kai tsaye, amma ko shi ina ba shi shawarar ya fitar da sunayen zuwa Excel, inda zai gan su baje a gabansa ya gyara.

Gyaran kuwa dole ne, domin sunan da muke ajiye mutum da shi a waya ba shi ne sunan da ake rubuta masa a ambulan ba. A wayar kowa akwai "Oga Ofis" da "Alhaji Mai Taki" da "Maman Biyu", wani lokaci har da laƙabin da mai shi bai san ana kiransa da shi ba. A bi su layi-layi a mayar da kowa sunansa na yanka da girmansa, a share kanun da ba a bukata, a adana fayil ɗin, a rufe Excel gaba ɗaya.

Haɗawa da Word

Da farko a san girman ambulan ɗin da aka sayo. Doguwar nan ta ofis, wadda takardar A4 ke shiga idan an ninke ta uku, ita ce DL, milimita 110 da 220. Wadda A4 ke shiga da ninki ɗaya ita ce C5, milimita 162 da 229. Babba mai ɗaukar A4 a miƙe ita ce C4, milimita 229 da 324, ƙaramar C6 kuma 114 da 162. Kwamfutoci da yawa a nan an saita su ne da yankin Amurka, shi ya sa Word takan fara nuna Size 10, wadda ta yi kama da DL a ido amma ta fi ta tsawo da kimanin milimita 21, kuma wannan ɗan bambanci ya isa ya ture adireshi gefe. Ambulan ɗin da maɗaba'a ke haɗowa da katin biki sau da yawa ba ta bin ɗaya daga cikin waɗannan ma'aunai, sai a sa rula a auna ta.

A buɗe sabon shafi a Word, a je Mailings, a danna Start Mail Merge, a zaɓi Envelopes. Ƙaramar taga za ta buɗe. A ɓangaren Envelope Options ake zaɓar girma, idan kuma babu shi a jerin sai a sauka ƙasa zuwa Custom size a rubuta awon da aka yi, ana bin kowane adadi da mm domin kada ta ɗauke shi a inci. A ɓangaren Printing Options kuwa akwai zanen hanyoyin da ake zura ambulan a firinta, kuma wanda Word ta zaɓa da kanta shi ne ya kamata a fara gwadawa. Da an danna OK shafin zai koma siffar ambulan.

Daga nan sai a danna Select Recipients, a zaɓi Use an Existing List, a nuna mata fayil ɗin Excel. Za ta tambayi wane shafi ne a cikinsa, yawanci Sheet1$, kuma a tabbata akwai alama a ɗan akwatin da ke cewa layin farko kanu ne. Ba za a ga wani canji a fuskar ambulan ba, amma maɓallan da suke dusashe a jerin sama za su farka, alamar cewa haɗin ya ƙullu.

A kusurwar sama ta hagu a rubuta sunan mai aikawa da adireshinsa da hannu, tunda shi ba ya canzawa. Kusurwar sama ta dama a bar ta fanko domin kan sarki. Wurin adireshin wanda ake aika wa yana tsakiya, ya ɗan karkata ƙasa, a cikin wani akwati da ba a ganinsa sai an danna a kansa. Idan an rasa shi, a danna Ctrl da Shift da 8 tare, alamomin sakin layi za su bayyana su nuna inda yake. Kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne su yi ta danna Enter daga sama har su sauko tsakiya, wanda hakan ke sa adireshi ya riƙa hawa da sauka daga wannan ambulan zuwa waccan.

Akwai maɓalli mai suna Address Block da zai ja hankali, domin yana alkawarin zuba adireshi gaba ɗaya da dannawa guda. A ƙyale shi. Tsarinsa bai san sarauta ba, bai san unguwa ba, kuma lokacin da za a ɓata wajen koya masa ya fi na yin abin da hannu. A yi amfani da Insert Merge Field, wanda zai jero kanun da aka rubuta a Excel. A layi na farko a sa Lakabi da Suna, a danna Enter a sa Sarauta, a sake dannawa a sa Mukami, haka Gida, Unguwa, Gari, sannan Jiha da Lambar_yanki. Kowanne zai fito a tsakanin alamomi, kamar «Suna». Lallai Enter zalla za a riƙa dannawa, ba tare da Shift ba, domin idan gurbi yana kan sakin layinsa shi kaɗai kuma mutumin ba shi da wannan bayani, Word takan rufe giɓin da kanta, ta yadda wanda ba shi da sarauta ba za a bar masa layi fanko a ƙarƙashin sunansa yana tona masa asiri ba.

Saura ɗan abu guda da ido mai kula zai gani. Idan aka sa tazara da hannu tsakanin «Lakabi» da «Suna», wanda ba shi da laƙabi, kamar ofis ko kamfani, sunansa zai ɗan shige ciki ya ƙi daidaita da sauran layuka. Gyaransa shi ne a manne guraben biyu babu tazara, a danna «Lakabi» da linzami ta dama, a shiga Edit Field, a sa alama a wajen rubutun da za a saka bayan gurbin, a buga tazara ɗaya a akwatinsa. Daga nan tazarar ba za ta fito ba sai in akwai laƙabi. Haka ake yi wa waƙafi tsakanin gari da jiha idan an sa su a layi ɗaya.

Wajen zaɓen salon rubutu a yi hattara da masu ado irin na katin biki, domin da yawansu ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai Word ta aro harafin daga wani salo, a ga Ƙ ya tsaya a miƙe a tsakiyar rubutu mai kwanciya, ko kuma wani ɗan akwati ya fito a wurinsa. Times New Roman da Arial na Windows na yanzu suna da su duka. A danna Preview Results, guraben za su koma sunayen gaskiya, a bi su da kibiyoyin da ke kusa. A nemi mutumin da ya fi kowa tsawon laƙabi da muƙami a duba tasa, domin idan ta ɗauke shi za ta ɗauki kowa. Idan sunan ya karye zuwa layi biyu, a ja gefen akwatin a faɗaɗa shi ko a rage girman rubutu.

Game da adireshin kansa, wasiƙar da za ta bi ta gidan waya tana son akwatin gidan waya ko lambar gida da titi, da lambar yanki mai alƙaluma shida da hukumar gidan waya ta ƙasa, NIPOST, ke amfani da ita, kamar 820001 ta babban gidan waya na Katsina ko 700001 ta Kano. Amma mafi yawan gayyatarmu da hannu ake kai ta, kuma ga mai kaiwa, "Rafindaɗi, bayan masallacin unguwa" ya fi kowace lamba amfani. Irin wannan kwatance a ƙarƙashin Gida ake rubuta shi, a taƙaice.

Bugawa

Yanzu ne amfanin Mai_kaiwa zai fito. A danna Edit Recipient List, jerin duka zai bayyana da alama a gefen kowane suna, wanda aka cire wa alama ba za a buga masa ba. A fara danna Find duplicates domin kama waɗanda suka shigo sau biyu, ko da yake ba za ta gane cewa Muhammad da Muhammadu mutum ɗaya ne ba, wannan sai ido. Sannan a danna Sort a jera su bisa Mai_kaiwa, sai Gari, sai Unguwa. Ta haka na wanda zai bi hanyar Daura ya zarce Sandamu da Zango da Mai'aduwa za su fito a tare, na mai zuwa Malumfashi da Funtuwa su biyo baya, na cikin gari kuma su fito unguwa-unguwa, a ɗaure kowane kashi da roba a miƙa. Idan kashi ɗaya kawai ake so a yau, Filter zai ware shi.

Kada a fara da ambulan ta gaske. A yanka farar takarda daidai girmanta, a yi mata alama da fensir a gefen da ya fara shiga da fuskar da ke sama, a danna Finish & Merge, a zaɓi Print Documents, a ɗauki Current record domin guda ɗaya kawai ta fita. Idan rubutun ya fito a kife ko a bayan takardar, alamar fensir ɗin za ta nuna yadda za a juya. Firintoci sun bambanta: wata a tsakiyar tire take karɓa, wata a gefe, wata fuska sama, wata fuska ƙasa, kuma akasari akwai ɗan zanen ambulan a jikin tiren da ke nuna haka. A matso da maƙallan gefe su riƙe ambulan ɗin ba tare da sun matse ta ba, a kuma shiga saitin firinta a gaya mata nau'in takardar ambulan ce. Da an dace da hanyar, a rubuta ta a ƴar takarda a manna a jikin firintar, domin bayan wata shida babu mai tunawa.

Firinta mai hoda da zafi take gasa rubutu a kan takarda, kuma wannan zafi yana shafar ambulan. Mai taga ta leda kada ta kusanci irin wannan firinta sai in an rubuta a kwalinta cewa tana jurewa, domin ledar takan narke a ciki. Mai danƙon da ake jiƙawa kuma, idan ta sha danshin damina a shago, takan fito a manne kafin a sa mata kati, don haka a buɗe leɓen kowacce tun tana da ɗumi. Da hunturu matsalar ita ce su riƙa manne wa juna firinta ta ja biyu a tare, sai a fifita su da yatsa kamar yadda ake yi wa sababbin kuɗi kafin ƙirga. A riƙa zuba biyar zuwa goma a lokaci guda, ana danne gefunansu su kwanta. Firinta mai ruwan tawada ba ta da matsalar zafi, amma a kan ambulan mai sheƙi tawadar ba ta bushewa da wuri, hannu yana taɓawa ta goge.

Maimakon a tura ɗari uku zuwa firinta kai tsaye, na fi son a zaɓi Edit Individual Documents a ƙarƙashin Finish & Merge. Wannan zai haifar da sabon fayil mai ɗauke da dukan ambulan ɗin a jere, a karanta su, a gyara wadda ke son gyara ita kaɗai. A cikinsa kowace ambulan sashe ce mai zaman kanta, don haka idan ana so a buga daga ta 41 zuwa ta 80, a wajen lambobin shafi sai a rubuta s41-s80. Ranar da aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, ko ambulan ta maƙale a ciki, da wannan ake ci gaba daga inda aka tsaya ba tare da an maimaita ba. Wanda kuma ba shi da firinta a gida sai ya adana wannan fayil a matsayin PDF ya kai shagon kwamfuta, domin PDF yana tafiya da salon rubutunsa da haruffansa masu lanƙwasa, ya kuma gaya wa mai shagon ya buga a ainihin girmansa, kada ya bar na'ura ta daidaita shi da A4.

Wata ambulan ta biki tana da kauri ko ado mai tudu da babu firintar ofis da za ta ja ta. A nan sai a koma ga takardar manne ta A4 da aka yanka gida-gida, mai 14 ko mai 21 a shafi. Hanyar ɗaya ce, sai dai a Start Mail Merge za a zaɓi Labels, a ɗauki lambar da ke jikin kwalin takardar, a tsara gida na farko kaɗai, sannan a danna Update Labels domin tsarin ya bazu zuwa sauran gidajen. Wanda ya manta wannan maɓalli suna ɗaya zai samu a kowane shafi.

Mai amfani da LibreOffice, manhaja irin su Word wadda kyauta ake sauke ta, shi ma yana iya yin aikin da jadawalin nan. Zai yi rajistar fayil ɗin a matsayin tushen adireshi, ya shiga Insert ya zaɓi Envelope, ya jera guraben daga can, idan ya zo bugawa kuma manhajar za ta tambaye shi ko ta zuba sunayen, ya amsa da e.

A adana ambulan mai guraben da fayil ɗin Excel a folda guda, kada a canza wa na Excel suna ko wuri, domin Word hanyar zuwa wurinsa ta haddace. Duk lokacin da aka sake buɗe ambulan ɗin wani gargaɗi zai fito yana maganar umarnin SQL, wanda yakan tsorata mutane su danna No su yanke haɗin da hannunsu. Tambaya kawai take yi ko ta sake ɗauko sunaye daga jadawalin, amsar kuma Yes ce muddin kai ka tsara fayil ɗin. Idan ana son ƙara suna ko gyara sarauta, a rufe Word tukuna a gyara a Excel, domin muddin Word tana riƙe da jadawalin, Excel ba za ta bari a adana canji a kansa ba. Idan kuma a shago aka yi aikin, PDF kaɗai ya kamata ya shiga kwamfutarsu, tunda jadawalin yana ɗauke da lambobin waya da kwatancen gidajen mutanen da suka ba da su bisa amana, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Nijeriya. Bayan an gama bugawa a tsaya a ga an goge PDF ɗin daga kwamfutar da kuma kwandon sharanta kafin a bar shagon.